Tsallen da Ya Gagari Tsaf Mai Aski

Shagona da na Tsaf bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na falanki, shi ya sa duk abin da ya faɗa nakan ji, har da wanda bai so a ji ba. Ni gyaran waya nake yi, shi kuma aski. Sunan Tsaf kwastomomi ne suka laƙa masa, domin in ya gama da kai, ya kaɗe maka wuya, ya ɗaga ƙaramin madubi ta ƙeyarka, kalmar da yake faɗa ke nan. Ba ra'ayinka yake tambaya ba, sanar da kai yake yi.

Bahago ne. Yakan ce kawunsa da ya koya masa sana'ar ya sha bugun hannun nan da bayan mataji don ya koma dama, har ya gaji ya ƙyale shi. A ƙarƙashin matakalar wani bene ya fara, da kujera ɗaya da madubi mai tsaga a gefe. Daga can ya kama wannan shago, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa mata biyu. Babbar tana gidan mijinta, Auta kuma tana aiki a wani gari. Lokacin da na zo layin, furfura ta riga ta cinye masa rabin gemu. Kilifa kowa ya iya riƙe ta, in ji shi. Abin da yake jawo masa mutane daga nesa shi ne aska. Yakan kwantar da kujera, ya rufe maka fuska da tawul mai ɗumi, ya shafa kumfa, sannan ya bi gemu da maƙogwaro da tsirarar aska, a hankali, har wasu barci yake kwashe su.

Auta ce ta kawo na'urar gem ta haɗa da talabijin ɗin shagon, don masu jiran layi su rage zafin jira. A ciki akwai wasan wani ɗan akuya mai jan ƙyalle a wuya, wanda yake gudu a kan rufin gidaje, ya tsallake rami, ya dira a kan katakon da yake lilo, ya tsinci ƙararrawa. Sunansa na ainihi dogo ne, mu dai Ɗan Akuya muke ce masa. Da farko tsaki Tsaf yake yi wa masu bugawa. Wata Talata da rana babu kowa a shagon, sai na jiyo kiɗan wasan ta bango. Na leƙa, na tarar da shi a kujerar aski, ya riƙe hannun gem ɗin, wato abin nan mai madannai da ake sarrafa wasan da shi, harshensa a waje kamar mai zura zare a allura.

"Dubawa nake ko ya lalace," ya ce.

Kafin shekara ta zagayo babu wanda yake kama ƙafarsa a layin. Ya gama wasan, ya koma farko, ya tsince duk ƙararrawar da aka ɓoye, har ya kai yana wuce wasu wuraren yana hira ba tare da ya kalli talabijin ba. Na taɓa tambayarsa abin da ya gani a ciki, dattijo da shi.

"Wasan nan ba ya ha'inci, Injiniya," ya ce. Haka yake kirana, ko da yake ban taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. "In ka faɗi, kai ne ka faɗi. In ka haye, kai ne ka haye. Nuna mini wani abu a duniyar nan da yake haka."

Da aka ce kashi na biyu na wasan zai fito, sai da ya hana kowa sakat. Ranar da Auta ta turo masa shi, ya rufe ƙofar gilashin da rana tsaka, ya ƙwanƙwasa mini bango. Gaskiya abin ya yi kyau. Ruwan sama yana sauka a kan kwanon rufi kana jin kowane ɗigo, gashin ɗan akuyan yana jiƙewa ya kwanta, in ya dira a kududdufi ruwa ya fantsama. An kuma ba shi sabon abu, igiya mai ƙugiya da yake jefawa ya maƙala a sama, ya yi shillo ya haye inda tsalle ba zai kai ba. Karon farko da Tsaf ya yi shillon nan ya saki, ɗan akuyan ya tashi sama ya keta hayaƙin wani bututu ya dira a ƙetare, sai ya juyo ya dube ni yana dariya har da hawaye.

Daɗin bai daɗe ba. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun ƙara masa kyau sun kuma ƙara masa mugunta. A na farko, in ka faɗi, kusa ake mayar da kai. A wannan, fitilun da ake sake farawa daga wurinsu bayan an faɗi nesa suke da juna, kuskure ɗaya ya mayar da kai can baya ka sake duk wahalar da ka sha. Hoton ma yakan juya da kansa daidai lokacin da kake sama, sai ka rasa ina ƙasa take. Kowa a layin ya koka da wannan. Igiyar kuma aikin hannun hagu ce gaba ɗaya: ka danne madanni da manuniya, ka saita ƙugiya da ɗan sitiyarin da ake murzawa da babban yatsa, ka tsayar da shi cak, sannan ka saki.

A cikin hasumiyar agogo Tsaf ya maƙale. Wuri ne da manyan ƙafafun ƙarfe masu haƙora suke juyawa, ruwa yana tasowa daga ƙasa, sai ka jefa igiya kan wani ɗan zobe da bai fi ƙwayar ido ba. Direban motar haya da yake aski a wurinsa ya wuce wurin a zama ɗaya. Ni ma da ba gwani ba na wuce, bayan na sha faɗuwa. Tsaf ya yi makonni a nan. Ta bango nakan ji kukan ɗan akuyan in ya faɗa ruwa, sai shiru, sai kiɗan ya sake farowa. Wani lokaci a yini abin da nake ji ke nan har kaina ya ɗau ciwo.

Sai ya kawo mini hannun gem ɗin.

"Sitiyarin nan yana ja gefe. Duba mini."

Hakan yana faruwa, don haka na kwance shi, na goge da sifirit, na haɗa da kwamfuta na gwada. Ɗigon da yake nuna matsayin sitiyarin yana tsakiya, ko motsi ba ya yi. Na mayar masa na ce lafiyarsa ƙalau. Bayan kwana kaɗan ya dawo da shi. Na sauya sitiyarin da sabo don hankalinsa ya kwanta. Ya sake dawowa, wannan karon ransa a ɓace.

"Ko dai aikin ne ya fi ƙarfinka, ka faɗa mini in kai wani wuri?"

"Zauna, Yaya Tsaf. Riƙe shi da kanka, mu gani tare."

Ya zauna a bencina, na haɗa wayar, na ce ya ɗora babban yatsa a kan sitiyarin kawai, kada ya murza. Ɗigon ya fara rawa. Ba ja gefe yake yi ba, kaɗawa yake, gaba da baya, a jere kamar bugun agogo. Na karɓa na ɗora nawa yatsan, ya tsaya. Na miƙa masa, ya ci gaba da rawa. Na sauke idona daga kwamfutar zuwa cinyarsa, inda ya ajiye hannun hagun bayan ya saki. Babban yatsa da manuniya suna murza juna, kamar mai murza ɗan ƙaramin dutse.

Ya ga inda nake kallo. Ya tura hannun cikin aljihu.

"Shayi ne ya yi mini yawa yau."

"Yaushe ya fara?"

"Me ya fara?"

"Yaya, na'urar nan ba ta da komai. Ka je asibiti a duba ka."

Ya miƙe, ya naɗe wayar hannun gem ɗin a nutse, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba.

"Kai waya kake gyarawa. Ka tsaya a kan waya."

Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Amma bangon bai ƙara kauri ba. Ina ji yana zagin wasan a gaban kwastomomi, cewa waɗanda suka yi shi ba su taɓa buga na farkon ba, cewa hoton ne yake juyawa, cewa an lalata abu mai kyau don a burge yara. Duk wanda ya buga sai ya ce gaskiya ne, domin gaskiyar ce. Abin da ya fi damuna shi ne sautin da nake ji bayan wannan, in an kwantar da kujera, ƙarar kilifa ta ɗauke, shagon ya yi tsit. Na san aska ce ta fito. Sai in ajiye abin da nake yi in kasa kunne, ƙarfen dalma yana hayaƙi a hannuna, har sai na ji ya ce kalmarsa.

Na rasa yadda zan yi. In na faɗa wa mutane, na kashe masa sana'ar da ya gina tun ban san kaina ba. In na yi shiru, wuyan mutane ne a ƙarƙashin hannun nan. Na yanke shawarar in sami matarsa. Takan kawo masa abinci da rana, ta bi ta gabana. Na tare ta da cewa wayarta tana buƙatar sabon gilashi, ta shigo.

"Anti, kin lura da hannun Yaya?"

Ta ajiye kwandon a kan teburina, ta daɗe tana gyara murfin da ba abin da ya same shi.

"Maɓallin riga ni nake saka masa yanzu," ta ce. "Wai zaren ne ya yi tauri. In muna tafiya, hannun nan ba ya lilo, a manne yake da jikinsa kamar an ɗaure. Na yi magana, ya ce in na sake zai daina cin abincina. Ka san halinsa."

"Aska fa?"

"Ita ce take hana ni sukuni. Na kira Auta, ta ce za ta zo ƙarshen wata ta kai shi da kanta. Ita kaɗai yake jin kunya."

Ƙarshen wata da saura. Ranar Asabar da hantsi shagonsa ya cika, na shiga da hujjar aron tsintsiya. Baba Hedimasta ne a kujera, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, wanda tun Tsaf yana ƙarƙashin bene yake aski a wurinsa. Siririn dattijo ne, fatar wuyansa ta saki, jijiyoyi a fili. An riga an kwantar da shi, kumfa har kunne, idonsa a rufe. Mutum uku a benci suna jira, ɗaya yana buga Ɗan Akuya da sauti ƙasa-ƙasa.

Tsaf ya gan ni ta madubi. Ya ɗauke kai, ya buɗe aska.

Kumatu ya tafi lafiya. In hannun yana tafiya, rawar takan lafa, na lura da haka. Ya goge askar a tawul, ya ɗaga haɓar dattijon da yatsun dama, ya ja fatar, ya kawo kaifin daidai ƙasan muƙamuƙi. Nan ne wurin da yakan dakata ya daidaita kafin ya ja. Ya dakata. Sai na ga hasken fitila yana wasa a jikin askar, yana ƙyalli yana ɗaukewa.

In na yi magana zai iya firgita, in na taɓa shi ya fi muni. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Gumi ya tsattsafo wa Tsaf a goshi. Ya matse gwiwar hannunsa a haƙarƙari don ya danne rawar, ta ƙi. Na ga yana son ya janye, amma hannun kamar ba ya jin kira, ya tsaya a inda yake yana kaɗawa, kaifin yana taɓa kumfa yana barin ƴan layuka. A bayanmu ɗan akuyan ya faɗa ruwa ya yi kuka, mai bugawa ya yi tsaki.

Da hannun dama Tsaf ya kamo wuyan hannunsa na hagu ya ɗaga shi sama, kamar yana ƙwace makami daga wani. Wani siririn jan layi ya fito a cikin farin kumfar, bai kai tsawon farce ba, ya fara gangarowa.

Baba Hedimasta bai motsa ba. Idonsa a rufe ya yi magana.

"Ajiye ta, ɗana."

Tsaf ya ajiye askar a cikin kwano. Ya ɗauko auduga da sifirit, audugar ta faɗi, na ɗauko wata na danna a wurin da kaina. Yankan ba shi da zurfi. Masu jira sun miƙe suna leƙe, dattijon ya ɗaga musu hannu.

"Ƙurji ne ya fashe. Ku ba mu wuri kaɗan, ina da magana da shi."

Suka fita suna waige. Ni na tsaya, domin yatsana ne a kan audugar.

"Tun watan jiya nake jin rawar hannunka a fatata," in ji Baba Hedimasta. "Na yi ta zuwa ne ina jira ka faɗa da bakinka. Yau da wani ne a kujerar nan, wanda zai zabura, da yanzu wani zancen ake yi."

Tsaf ya zauna a benci, ya sa hannun tsakanin gwiwoyinsa ya matse.

"Malam, in na ajiye aska, me ya rage? Kilifa ko wannan mai gyaran wayar zai iya."

"Ban sani ba. Amma ka ƙarasa mini da kilifar, ba zan fita da rabin gemu ba. Litinin kuma ni zan raka ka asibiti, tunda ni ba ni da aikin yi."

Sun je. Likitar ta sa shi ya yi tafiya a baranda tana kallo, ta sa ya buɗe yatsu ya rufe da sauri, ya zana da'ira a takarda. Ta ce ciwo ne da yake farawa daga ƙwaƙwalwa, yana sa karkarwa da nauyin jiki, ba a warkewa, amma magani yana sassauta shi, kuma mutum yakan yi shekaru yana harkokinsa. Ta ce aska kam a haƙura. Da matarsa ta kai ƙarar gem ɗin, tana fatan a hana shi, likitar ta ce ya ci gaba, motsa yatsu ba zai cutar da shi ba, in dai ba zai riƙa tayar wa kansa da hankali ba. Anti ta ce ashe likitar ba ta san shi ba.

Sati guda shagon yana rufe. Da ya buɗe, askar ba ta kan tebur. Labari ya riga ya zaga, wasu kwastomomin ba su dawo ba, ciki har da waɗanda ya yi wa askin aurensu. Wannan ya ci masa rai fiye da ciwon. Daga baya ya ɗauko wani abokin sana'arsa da aka rushe wa shago wajen faɗaɗa titi, suka sa kujera ta biyu. Shi yake riƙe aska yanzu. Tsaf yakan tsaya a kansa yana gyara masa riƙo, mutumin da ya kusa sa'ansa, har sai sun yi cacar baki.

Ni kuma wata safiya na tarar da hannun gem ɗin a kan teburina, shi yana tsaye a ƙofa yana kallon titi.

"An ce ana iya mayar da aikin hagu dama."

"Ana iyawa."

"To me kake jira?"

Wannan ne ban-haƙurin da na samu, na kuma karɓa. Na shiga saitin wasan na mayar da igiyar ɓangaren dama, na sa wa sitiyarin hagu roba mai tauri don ƙaramar rawa kada ta motsa shi. Sai ya zama mutumin da kawunsa ya kasa mayarwa na dama yana koyon dama da kansa, da furfurarsa. Ya koma faɗuwa a wuraren da yara ma suke wucewa. Maganin yana da lokacinsa, in ya kama jiki yatsun sukan saki na ɗan wani lokaci, a nan yake bugawa, in ya sake shi ya ajiye. Hasumiyar agogon ta ƙara cin wata biyu kafin ya haye ta, kuma ba na wurin. Ina cikin kwance wata waya na ji wani kiɗa da ban taɓa ji ta bangon ba, na saurara ko zai kira ni, bai kira ba.

Bai gama wasan ba har yau, ban kuma san ko zai gama ba. Rawar ta fara leƙa ƙafarsa ta hagu, an ƙara masa magani. Ranar Alhamis yake komawa asibiti, Baba Hedimasta yakan zo da lema su tafi tare, suna tafiya a hankali suna musu a kan ko za su hau mota ko su taka. Makon jiya Auta, wadda ta yi aure a can garin da take aiki, ta zo da jaririnta na fari. Aka miƙa wa Tsaf, ya ƙi karɓa a tsaye. Ya ja kujerar aski ya zauna, ya sa aka jera masa tawul a cinya, sannan ya ce a kawo. Ya riƙe yaron da hannun dama, hannun hagun yana kaɗawa a ƙarƙashin zanen goyon, yaron kuwa ya yi hamma ya ci gaba da barcinsa.